Darasi: Yadda ake gina menu da nav da button

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau menu na saman shafi za mu gyara, kuma na ɗauka kowa ya riga ya buɗe fayil ɗinsa na HTML, saboda haka ba zan tsaya kan head ba.

Ku dubi allo, menu ɗinmu div ne a cikin div. A ido babu laifi, amma manhajar da ke karanta wa makafi shafi, kamar NVDA ko VoiceOver, ba ta da yadda za ta gane cewa ta nan ake shiga sauran shafuka. Za mu cire div na waje mu sa nav, wato tag ɗin sashen mahaɗu, wanda ya zo da HTML5 da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar a 2014, a cikinsa mu sa ul, wato jeri, kowace mahaɗa kuma ta zauna a cikin li. Da an yi haka, mai amfani da NVDA zai riƙa danna harafin D yana tsallakawa daga sashe zuwa sashe har ya sauka a kan menu, a kuma gaya masa yawan abubuwan da ke cikin jerin. Mahaɗar shafin da ake ciki sai a ƙara mata aria-current="page", don manhajar ta sanar cewa nan ne ake.

Wurin da nake so ku natsu shi ne maɓallin nan mai layi uku da ke buɗe menu a waya. Da yawa div suke sawa su ɗaura masa onclick, tunda da yatsa ko linzami yana aiki. To amma maɓallin Tab ba ya tsayawa a kan div, wanda kuma da allon rubutu kaɗai yake sarrafa kwamfuta ya rasa menu ke nan gaba ɗaya. Button kuwa Tab yana tsayawa a kansa, yana amsa Enter da Space ba tare da kun rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙa'idar da ni nake bi ita ce, abin da zai kai mutum wani shafi tag ɗin a ne, wato mahaɗa, abin da zai yi aiki a nan inda ake button ne.

Yanzu mu ba button ɗin alamar da ke gaya wa manhajar ko menu a buɗe yake ko a rufe, wato aria-expanded="true". A'a, false za mu fara da shi, domin menu a rufe yake lokacin da shafi ya buɗe, JavaScript ce za ta riƙa juya shi duk sanda aka danna.

Ku ajiye linzami, ku danna Tab tun daga saman shafi ku ga inda yake tsayawa. Idan ba ku ga zagayen da ke nuna wurin ba, ku leƙa CSS ɗinku, wataƙila akwai outline: none a ciki, sai ku goge shi.