Kadangarun tsibiri: sauyin jiki ko sauyin gado?

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malamin kimiyyar halittu ya yi wa ɗalibai da iyaye a wata makarantar sakandare a karkarar Ringim, jihar Jigawa.

Ranka ya daɗe dagaci, malamai, iyayenmu, ɗalibai, assalamu alaikum. Yau maganar kadangare za mu yi. Na ga 'yan baya sun fara dariya, to ku dai saurara.

A 1971 wasu masu bincike suka kama kadangaru goma, maza biyar mata biyar, daga wani ɗan tsibiri mai suna Pod Kopishte a tekun Adiriyatik, suka sake su a tsibirin da ke kusa, Pod Mrcaru. Yankin yanzu a ƙasar Kuroshiya yake. Aka daɗe ba wanda ya waiwaye su, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a can a shekarun 1990. Da masanin halittu Anthony Herrel da abokan aikinsa suka je daga 2004, sai suka tarar zuriyar goman nan ta cika tsibirin, kuma ba yadda aka bar ta ba. Kakanninsu ƙwari suke ci. Su kuwa, da bazara, fiye da rabin abincinsu ganye ne. Kai ya ƙara girma, cizo ya ƙara ƙarfi, don tsinke ganye sai da muƙamuƙi. Da aka buɗe cikinsu aka ga wasu 'yan tsoka a hanji masu tare abinci ya jima a ciki har ya narku. Na tsibirin asali ba su da su. Duk wannan cikin shekara 36.

To, a nan nake so ku buɗe kunne. Malam Manomi, ɗaga min hannunka. Kun ga kantar nan? Fartanya ce ta yi ta. Amma ɗan da za a haifa masa gobe da tafin hannu mai laushi zai zo. Jiki yana bin aikin da aka ba shi, wannan daban, abin da ake gada daban. Daga baya an ɗebi kadangarun Pod Mrcaru aka riƙa ba su ƙwari zalla, cikin 'yan watanni tsokar hanjin ta ɓace. Don haka ni ba na rantsuwa da labarin nan yadda ake yayata shi a intanet, wai duk sauyin gado ne.

Wanda ya fi gamsar da ni daga Fulorida yake, a Amurka. Akwai koren kadangare ɗan ƙasa da ke zaune a ƙananan tsibirai. A 1995 aka saki wani baƙo, ruwan ƙasa, ɗan asalin Kuba, a wasu daga cikinsu. Baƙon ya mamaye gindin bishiyoyi, cikin 'yan watanni koren ya koma sama, kan siraran rassa masu santsi. Bayan shekara 15, wato zuriya wajen 20, Yoel Stuart da abokansa suka auna yatsunsu. Faffaɗar fatar nan ta ƙarƙashin yatsa, mai manne wa reshe, ta fi girma a tsibiran da baƙon ya shiga. Ba su tsaya nan ba. Suka kwaso mata masu ƙwai, aka ƙyanƙyashe, aka reni 'ya'yan a wuri ɗaya da kulawa iri ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin baƙon. Bambancin bai tafi ba. Wannan shi ne gado. Babu kadangaren da ya miƙe yatsarsa da kansa. Mai riƙo sosai ne ya rayu ya hayayyafa, mai santsin ƙafa ya bar 'ya'ya kaɗan.

Na'am, yarinya, yi tambayarki. Ko ya koma wata dabba? A'a, kadangare ne har gobe. Siffar zuriyar ce ta gusa.

Wani lokacin ma kwana ɗaya ya isa a yi tankaɗe. A 2017 wani mai bincike, Colin Donihue, ya auna kadangaru a tsibiran Turks da Kaikos da ke yankin Karebiyan, kwanaki kaɗan guguwar Irma ta afka, guguwar Mariya ta biyo baya. Da ya koma, waɗanda suka tsira masu faffaɗar fatar ƙarƙashin yatsa ne da dogayen ƙafafun gaba, amma na baya gajeru. Abin ya ɗaure masa kai, har ya ɗora kadangare a sanda ya hura masa iska da inji. Ashe ƙafafun baya ne ke fara saki, kuma doguwar cinya ita iska ke kamawa ta fizge shi.