Lacca: Perun, gunkin tsawa da Silabawa suke rantsuwa da shi

Jama'a, barkanku da zuwa. Yau za mu leƙa ƙasashen Silabawa, kakannin mutanen Rasha da Yukren da Poland, kafin Kiristanci ya iso musu.

Tun ƙarni na 6 wani masanin tarihi na Rumawan Gabas, Prokopiyus, ya rubuta cewa suna bauta wa abin bauta guda mai aiko da walƙiya, suna yanka masa shanu. Bai faɗi sunansa ba. Sunan, wato Perun, sai a kundin tarihin da malaman coci suka tattara a Kiev a farkon ƙarni na 12. Ku lura, waɗanda suka ba mu labarinsa ba masoyansa ba ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, Perun na sarakuna da mayaƙa ne, kuma babban aikinsa tsare rantsuwa. Kundin ya ce a shekarar 945, da sarki Igor na Kiev zai ƙulla sulhu da Rumawan Gabas, sai ya hau tudun da gunkin yake, shi da mutanensa, suka zube makamai da garkuwoyi da zinariya, suka rantse. Wanda ya saɓa, garkuwarsa ba za ta kare shi ba, takobinsa ne zai sare shi. Bahaushen da ya taɓa jin an ce "kwarankwatsa" a tsakiyar gardama ya san irin nauyin da ake nufi.

A 980 sarki Vladimir ya kafa gumaka shida a Kiev, Perun ne babbansu: jikin itace, kan azurfa, gashin baki na zinariya. Shekara takwas kacal, a 988, shi dai wannan sarkin ya karɓi Kiristanci. Ya sa aka ɗaure gunkin a wutsiyar doki aka ja shi zuwa kogin Dnieper, mutum goma sha biyu suna jibgarsa da sanduna, jama'a na kuka. A ganina talakawan gari aka shirya wa wannan wulaƙancin, don su gane wa ke da iko yanzu.

To amma tsawa ba ta daina ba. Manoma sai suka miƙa aikin ga Annabi Iliyasu, suna cewa rugugin hadari ƙarar keken dokinsa ne a sama. Ranar bikinsa, 20 ga Yuli a tsohuwar kalandarsu, da yawa ba sa zuwa gona, don tsoron aradu ta faɗa wa amfaninsu.