Da Wane Mudu Ake Auna Littafin Nazarin Addini da Al'ada?

Shugaban taro, malamaina, ɗalibai da sauran mahalarta, assalamu alaikum.

Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam da al'adunsa ta Amurka tana da reshe na musamman da ke nazarin addini, kuma wannan reshe ne yake ba da lambar yabo ga littafin da ya yi fice a fannin, lambar da aka sanya wa sunan Clifford Geertz, wani shahararren masanin al'adun ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka. An haifi Geertz a 1926, ya rasu a 2006. Ya zauna a wani gari na tsibirin Jaba a Indonesiya, ya fitar da littafi kan addinin mutanen wurin a 1960, sannan a 1968 ya kwatanta yadda ake rayuwa da Musulunci a Indonesiya da Maroko.

Kafin mu yi nisa sai mu gane cewa alƙalan wannan lamba ba zaman fatawa suke yi ba. Babu ruwansu da ko aƙidar mutanen da aka yi nazari a kansu daidai take ko ɓata ce. A fahimtata, abin da ake dubawa a irin wannan littafi shi ne ko marubucin ya zauna da mutanen har ya ji harshensu, ya halarci ibadarsu da jana'izarsu, ya kuma iya bayyana abin da aikinsu yake nufi a wurinsu, ba a wurinsa ba.

Littafin Matthew Engelke, wanda ya fito a 2007 ya kuma ci lambar a 2008, zai nuna mana wannan a fili. Ya yi aikinsa ne a Zimbabuwe, cikin wani ɓangare na mabiya Johane Masowe, wani mai wa'azin Kiristanci ɗan ƙasar, waɗanda ke taruwa ranar Juma'a. Mutane ne masu sanya fararen tufafi, suna ibada a sararin Allah maimakon cikin gini, kuma suna kiran kansu Kiristocin da ba sa karanta Baibul, domin a ganinsu takarda abu ce da ke tsufa ta yage, alhali su saƙon suke so ya zo musu kai tsaye ta bakin wanda suka ɗauka annabi. Mai gaggawa zai ce jahilci ne ya rufe babin. Engelke kuwa ya ɗauki maganarsu da muhimmanci, ya bi ta har ya fito da tambayar da ta shafi Kiristanci baki ɗaya: ta yaya mai bi yake tabbatar da kusancin Ubangijin da ba ya gani? A nawa ganin, wannan ne ya raba littafin da rahoton ɗan yawon buɗe ido.

Sanya sunan Geertz a kan lambar bai sa maganarsa ta zama yankan wuƙa ba. Talal Asad, wani masanin wannan fanni, a littafinsa na 1993, ya soki yadda Geertz ya fassara addini a matsayin tsarin alamomi da ma'anoni, yana mai cewa fassarar ta yi sakaci da iko, da tarbiyya, da horon jiki, wato abubuwan da ke mayar da yaro mai salla tun kafin ya iya bayanin ma'anarta. Da yawa daga cikin masu nazarin Musulmi a yau sun fi karkata ga Asad.

Mu ma an yi rubutu a kanmu. Adeline Masquelier ta daɗe tana aiki a Dogondutsi cikin Jamhuriyar Nijar; ta rubuta littafi kan bori a 2001, sannan wani kan mata da farfaɗowar addini a 2009, wanda ya samu lambar Herskovits ta ƙungiyar nazarin Afirka a 2010. Sai dai duk littattafan nan da Turanci aka rubuta su, kuma matan Dogondutsi da aka naƙalto maganarsu ba su cikin masu yanke hukunci. Saboda haka ɗalibin da ya tashi a irin wannan gari, idan littafin ya shigo hannunsa, ya karanta shi da alƙalami, ya yi alama a inda marubuciyar ta ji daidai da inda kunnenta ya kuskure, ya kuma rubuta sharhinsa da Hausa domin mutanen garin su samu bakin magana.