Yadda ake kwance katin hoto a saka masa sanyin ruwa

Jama'a, ga katin da za mu buɗe yau, katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta, RTX 3090 ne, mai jan wuta har wat 350. Kusan duk wutar nan zafi take komawa. A Abuja, a watan Maris, ɗakin da babu na'urar sanyi ya kan haura digiri 30, sai ka ji fankokin katin suna kuka, shi kuma yana rage gudu da kansa idan ya kai wajen digiri 83. Ruwa yana maganin wannan, amma ba ya sauke kati ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki. Duk wanda ya ce maka zai sauke shi ƙasa da haka a Banex, kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Abuja, ciniki kawai yake yi.

Kafin ka taɓa sukudireba, duba sunan katin sosai. Bulok ɗin ruwa, wato ƙarfen da ake ɗorawa a kan kati ruwa ya bi ta cikinsa ya kwashe zafi, na kamfanin EKWB, ko Alphacool, ko Bykski, ana yin kowanne ne daidai da allon kati guda. Na samfurin Founders Edition ba zai zauna a kan samfurin ASUS Strix ba, ko da dukansu 3090 ne. Sannan buɗe kati yana iya kashe garantinsa.

Idan hunturu ne, iska a bushe take, jiki yana tara lantarki, irin wanda ke tsunkulin mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Taɓa ƙarfen akwatin kwamfuta tukuna, kuma kada ka yi aikin a kan kafet.

To, bismillah. Kwance sukurorin baya, ka jera su yadda suka fito, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Huɗun da ke kewaye da tsakiya, inda ƙwaƙwalwar katin take, su ne na ƙarshe. Yanzu ka ɗan murɗa ɓangaren fanka a hankali ya rabu da allon, kada ka fizga, saboda akwai ƙananan wayoyin fanka da na fitila a maƙale. Zare su da farce. Goge tsohon man da aka shafa don isar da zafi zuwa ƙarfe, da sifirit mai ƙarfi, na isopropyl, har gilashin tsakiyar nan ya yi ƙyalli. Ka lura, ba shi da murfin ƙarfe irin na firosesa, tsirara yake, ƙaramin kuskure zai fasa gefensa.

Nan ne aikin yake, wajen ƴan katifun nan masu laushi da ake ɗorawa a kan memori da sassan wuta. Kaurinsu ya bambanta, akwai na rabin milimita, akwai na 1, akwai na 1.5, kuma takardar bulok ɗin ta faɗi wanda zai je kowane wuri. Ka sa mai kauri fiye da kima, zai tokare bulok ya hana shi taɓa tsakiya, sai ka kunna ka ga zafi ya fi na da. Ka sa siriri, memori ba zai taɓa ƙarfe ba, kuma irin na katin nan, GDDR6X, yana rage gudu a wajen digiri 110. Ni dai na fi so in ɗora bulok, in ɗaure, in sake cirewa in ga shatin da ya fito a kan kowace katifa. Kada a manta, rabin memorin 3090 a bayan allo yake, don haka farantin baya ma yana son nasa katifun. Kuma ɓare ledar da ke jikin kowace katifa, a gefe biyu take.

Shafa sabon mai ya rufe gilashin gaba ɗaya, ka ɗaure sukurori kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfi ba.

Ruwan da za a zuba tatacce ne, ko wanda aka haɗa don wannan aiki. Fiya wata ba ya shiga nan. Lagireton ma ya zama na tagulla, don idan alminiyam ya haɗu da tagullar bulok a ruwa ɗaya, alminiyam ɗin cinyewa yake yi. Shimfiɗa takardar goge hannu a ƙarƙashin mahaɗar tiyo, ka kunna famfon da ke tura ruwan shi kaɗai, sauran kayan babu wuta, ka bar shi ya kwana. Idan takardar ta wayi gari a bushe, sai a jona katin.