Amsoshin Tambayoyinku: Funfunar Yauƙi da Lokacin Mutuwarta

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ya ƙure mana.

Wani ya tambaya ko funfunar yauƙi dangin naman kaza ce. A'a, ta fi kusa da amiba, wato 'yar ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya tal. Wata 'yar'uwa kuma tana son sanin wanda ya gano irin da aka fi nazari. Kenneth Raper ne, a 1935, a wani daji na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sunan wannan funfunar kuwa Dictyostelium discoideum.

To, ga wadda mutane da yawa suka aiko: me ke sanar da ƙwayoyin funfunar yauƙi lokacin haɗuwa da lokacin mutuwa? Dakta, bismillah.

"Yunwa ce mafarin komai. Muddin akwai bakteriyar da za su ci, kowace ƙwaya na harkarta ita kaɗai. Abinci na ƙarewa sai su fara fitar da sinadarin cAMP, wadda ta ji ta matso, ta kuma miƙa kiran gaba. Har dubu 100 kan taru, su zama kamar 'yar tsutsa, tana rarrafe tana bin haske. Marigayi John Bonner na Jami'ar Princeton ya ɗauki hotunan wannan rarrafe, abin sha'awa ƙwarai..."

Dakta, ranka ya daɗe, lokacin fa muka tambaya!

"Yawwa. Cikin kimanin awa 24 an gama. Kusan kashi 20 cikin ɗari su mutu su zama kara, sauran su haye samansa su zama iri. Ƙwayoyin gado ke tsara wannan. Akwai sinadarin PKA da ke tura aikin gaba, ƙwayar gado mai suna regA kuma tana rage masa gudu. In regA ta lalace, sai halittar ta yi gaggawa, iri ya nuna kafin lokacinsa."

Kun ji ko? Bari in maimaita: yunwa ke tada su, ƙwayoyin gado ke ƙayyade saurin. Ni dai mutuwar masu zama kara ce ke taɓa zuciyata, domin da ita sauran ke tsira.

Kai kuma ɗalibin da ya rubuto cewa wannan ɓata lokaci ne, haba ɗana! A 2005 aka karanta dukkan ƙwayoyin gadonta, kimanin 12,500, da dama cikinsu suna da takwarori a jikinka. Da ita ake nazarin yadda fararen ƙwayoyin jini ke bin sawun cuta. Sai ka sake rubuto mana.