Darasin Kendo: Sara Ɗaya, Babu "Bari Na Sake"

Jama'a barkanmu da sake saduwa a darasin Kendo, wasan takobi na Japan. Ku ɗan ajiye takubban gorar nan tukuna, akwai kalmar da nake so ta zauna muku kafin mu fara: ichi-go ichi-e. Da Japananci tana nufin haɗuwa ɗaya tak a tsawon rayuwa. Wato wannan zama da muke yi, ko gobe mun sake taruwa, wani zama ne daban.

Ba ma a fagen faɗa aka haifi kalmar ba, wajen shan shayi ne. Sen no Rikyu, gwanin shayin nan da ya rasu a 1591, ya koya wa almajiransa su karɓi baƙo kamar ba za su ƙara ganinsa ba. Daga baya Ii Naosuke, babban jami'in gwamnatin Tokugawa da ke mulkin Japan a lokacin, ya rubuta ta yadda aka san ta yau. Shi ɗin ma, wata safiya a 1860, dusar ƙanƙara na zuba, aka tare shi a ƙofar Sakurada da ke Edo (Tokyo ta yau) aka kashe shi.

To, me ya haɗa shayi da takobi? Ga shi. Kullum ina ganin sabon ɗalibi ya kai sara, ƙafarsa ta goce, sai ya tsaya cak, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Malam, bari na sake." Haba ɗana! Da takobin ƙarfe ne, wa zai jira ka? In ka yi kuskure, daga cikin kuskuren za ka ci gaba, ka gyara tsayuwa, idonka a kan abokin karawarka.

Yanzu ku miƙe. Ƙafar dama gaba, diddigen hagu a ɗage kaɗan. Hannun hagu a ƙarshen mariƙi, shi ke ɗauke da ƙarfin, na dama jagora ne kawai. Ka ɗaga, ka sauke a ka, da ihun sunan saran kai: men! Kada ka saki jiki bayan saran. Ka wuce, ka juyo a shirye. Wannan shi ne zanshin, kuma a gasa alƙalai uku ne riƙe da tutoci ja da fari, in ba su gan shi ba suna iya soke makin da ka ci.

Sau goma za mu yi, amma ban yarda kowa ya ƙirga ba. Ni zan ƙirga. Ku ɗauki takubba. Bismillah.