Daga Farkon Zare Har Ƙarshensa: Kaset da Finafinan da Na Fi So

[Hoto: butar shayi a kan gawayi, da dare, a bakin wani titi cikin Maraɗi]

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka.

Shekaranjiya da dare muna zaune a fada, shayi na biyu yana kan wuta, sai wani ƙanenmu da bai wuce shekara 20 ba ya ɗago kai daga wayarsa ya ce mini, "Yaya, kullum kana ba mu labarin waƙoƙin da. To yau faɗa mana gaskiya, wane albam ka fi so, wane fim ka fi so?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin zama ɗaya. Shi ya sa na kawo ta nan. Ra'ayina ne zan faɗa, kuma na san wasunku za su ja da ni.

[Hoto: hannu riƙe da tsohon kaset]

Kun ga wannan abin? Yaran yanzu da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. Kamfanin Philips ne ya fito da irinsa a 1963, kuma shi ne ya koya wa irinmu sauraro. Akwai mai minti 60, akwai mai minti 90. Mai 60 ɗin, kowane gefe minti 30 ne. In gefe ɗaya ya ƙare sai ka ji rakoda ta yi ƙas, ka tashi ka juya.

Kawuna yana da rumfar sayar da kaset kusa da tashar mota, ni kuma ina yaron shago in an tashi daga makaranta. Aikina guda biyu ne: goge ƙura da tsumma, da mayar da zare. Batir yana da tsada, ba a ɓata shi wajen mayar da kaset baya. Sai kawu ya miƙo mini biro ya ce, "Kai, ɗan nan, juya mini wannan." In zura biron a ramin kaset in yi ta kaɗawa a iska har zaren ya koma farko. In rakoda ta cinye zare kuwa, a hankali ake jawo shi, a miƙe inda ya yamutse da farce, in ya tsinke a ɗiga masa jan farce a haɗe. Wurin da aka haɗa ɗin, har abada in an zo kansa sai muryar mawaƙin ta yi ɗan rawa.

Abin da nake so ku lura da shi, a kaset tsallake waƙa wahala ce. Don haka mutum yakan haƙura ya saurari abin yadda mai shi ya jera. Waƙar da ba ta burge ka ba ranar farko, bayan wata guda sai ka tarar ita ce ke bakinka kana alwala. Wannan jerin, da wannan haƙurin, su ne albam a wurina. Yau ka je wurin mai tura waƙa ya cika maka memori da waƙa ɗari biyar, ba ka san wace ce ta riga wace ba, ba ka ma san wanda ya kaɗa gangar ba. Daƙiƙa goma in ba ta kama ka ba, yatsa ya wuce. Ban ce babu waƙa mai kyau yanzu ba, akwai su sosai. Zaman sauraron ne ya ɓace mana.

Shi ya sa ma'aunina ɗaya ne, ko kaset ne ko fim: shin ya riƙe ni daga farko har ƙarshe, hannuna bai kai ga maɓalli ba?

Na farko a wurina ba shi ma da suna irin na albam. A jikinsa kawu ya rubuta "Shata" da biro, shi ke nan. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, ya rasu a 1999. Irin waƙarsa ba ta san minti uku ko huɗu ba, tana iya miƙewa ta ci rabin gefen kaset ko fiye. Ku saurara da kunnen basira, za ku ji abu uku ne kawai ke aiki: kalangu, ƴan amshi, da bakin Shata. Amshin ba ya canzawa, kamar turke yake. Shi kuwa sai ya yi nisa, ya shiga garuruwa, ya ambaci mutane, ya yi habaici, ka ce ya manta inda ya taso, sai kawai ka ji ya dawo ya faɗa kan amshin daidai inda kalangu ke jiransa. Wannan dawowar ita ce daɗin, kuma wanda ya yanko daƙiƙa talatin ya ɗora a waya ba zai taɓa jin ta ba. Mu nan Maraɗi ba ma jin Shata a matsayin baƙo. Kakanninmu daga Katsina suka taso, sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce masa. Hausar da ke bakinsa ta gidanmu ce.

[Hoto: titin kasuwa da yamma, babura suna wucewa]

Amma in albam na sosai ake nufi, mai suna da hoto a bango, to nawa shi ne Niamey Twice, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1990. Mawaƙa biyu ne suka raba shi, Musa Pusi da Sa'adu Bori, kuma kamfanin Stern's na Landan ya fitar da shi duniya. Gefen Sa'adu ne ya kama ni. Ya ɗauko kiɗan da muka saba ji a bayan gari, mai garaya da ƙwarya, ya ɗora shi a kan jita da gangunan zamani, amma bai bar kayan Turawan sun hau kansa ba. Su ne suka bi shi. Ka ji bugun ka san na ƙasar nan ne, na Katsina da Gobir.

Na san akwai masu jin nauyin sunan nan na Bori, kuma ina girmama dalilinsu. A gidanmu ma ba a sa shi in Baba yana nan. Ni abin da nake ji a ciki shi ne gwanintar murya da sanin asalin kiɗa, kuma ina ganin mutumin bai samu yabon da ya cancanta daga gare mu ba kafin rasuwarsa a 2008. Allah ya jiƙansa.

Akwai kuma Mamman Sani, mai kiɗan ogan, wanda ya yi kaset ɗinsa a 1978. Da yawanmu mun tashi muna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa ba mu san mai shi ba, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013. Babu waƙa a yawancinsa, kiɗa ne zalla mai sanyi. Shi nake sawa in zafi ya hana barci.

Mu koma fim.

[Hoto: tarin tsofaffin faya-fayan sidi a kan tabarma]

Ba na ɓoyewa, finafinan Kano ne suka raine mu. Tun daga Turmin Danya a 1990 harkar ta kankama, kuma hanyar Ɗan Isa da Jibiya ba ta taɓa hutawa ba: fim ya fito Kano yau, kafin mako ya zagayo yana Maraɗi. Wanda ya fi zama mini a rai daga cikinsu shi ne Sangaya, na wajajen shekarar 2000, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Waƙarsa ta riga shi isowa. Gidan biki ita ce, mai shayi ita ce, ƴan mata masu talla ita ce. Sai da ta gama gari sannan muka ga fim ɗin, a tsakar gidan maƙwabta, mu fi talatin gaban ƙaramar talabijin ɗaya, yara a ƙasa, iyaye mata a kan tabarma can baya suna yi wa mugayen cikin fim faɗa kamar suna jin su.

Ina son sa har gobe. Sai dai in na auna shi da ma'aunin nan nawa, dole in faɗi gaskiya: abin da ya biyo bayansa ya yi mana illa. Masu shirya fim suka gane waƙa ce ke sayar da kaset, sai labari ya koma ɗan rakiya. A yi minti goma ana magana, a tsaya a yi rawa a lambu, a dawo. Daga nan ne hannuna ya koyi tsallakewa. Mun gaji wannan salon daga finafinan Indiya da iyayenmu suka yi ta kallo a silima, to amma abin aro ba ya rufe katara.

Fim ɗin da na sa a matsayi na biyu, na tabbata yawancin masu kallona ba su taɓa ganinsa ba, alhali na ƙasarmu ne. Sunansa Le Wazzou polygame, na Umaru Ganda, wanda gidan al'adu na Yamai ke ɗauke da sunansa. Ganda ya yi soja a Indocina, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, sannan ya kama kyamara. A 1972, lokacin da bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa, wannan fim ne ya fara ɗaukar ta. Ɗan Nijar ne na farko a duk Afirka. Labarin wani mai hali ne da ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya sa ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya aure ta ta uku, abin ya ƙare da jini. Da Zabarmanci aka yi shi, amma duk wanda ya tashi a garin Alhazai irin namu ya san wannan gidan, ya san wannan kishiyar, ya san iyayen da kuɗi ya rufe wa baki. Babu rawa, babu ado. Kyamara ta tsaya a fuskar yarinyar ta bar ka da ita.

Na ɗaya kuwa, Sarraounia.

[Hoto: hanyar kwalta ta gabas, gonakin gero hagu da dama]

Med Hondo, ɗan Muritaniya, shi ya shirya shi a 1986, daga littafin da marubucinmu Abdullahi Mamani ya fitar a 1980, kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransa a 1899. Rundunar nan, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta nufi Tafkin Cadi ne, tana tafe tana ƙone garuruwa. Abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. Ɓarnar ta kai har gwamnatinsu ta turo wani kanar mai suna Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu, suka kashe su duka biyun.

A ina wannan ya faru? A jiharmu. Maijirgi, gaba da Tasawa kaɗan a kan hanyar Damagaram, can kaburburansu suke. Sau nawa na wuce garin a mota ina gyangyaɗi ban sani ba. Bayan na kalli fim ɗin, da tafiya ta sake kai ni, na roƙi direba ya sauke ni, na tsaya a bakin hanya ina kallon gonaki da rijiyoyi, jikina ya yi sanyi. Babu wata waƙar soyayya da ta taɓa yi mini haka.

Abin da ya sa na fifita shi, fim ɗin bai yi gaggawa ba. Ya ba ka lokaci ka ga yadda girman kai ke cin mutum a hankali har ya haukace, ya kuma nuna maka sarakunan da suka yi shawarar ko su taimaki Sarauniya ko su bar ta ita kaɗai saboda ba addininsu ɗaya ba. Wannan wurin yana da ciwo, kuma Hondo bai rufa mana asiri ba. In ka tsallake minti biyar ka yi asarar wani abu.

Yana da abin da ke damuna. A Burkina Faso aka ɗauke shi, wadda ta fito a Sarauniya, Ai Keita, ƴar can ce, kuma harshen da ke bakinta ba Hausa ba ne. Ta yi ƙoƙari matuƙa, idonta kaɗai ya isa. Amma ina kallo ina raya yadda kirarin nan zai fito da Hausar Arewa, da ganga da ƙaho irin namu. Ga masu fassara finafinan Indiya da Hausa sun cika gari, suna da gwaninta, suna da kayan aiki. Ina roƙonsu, don Allah a nemi izinin masu shi a yi wa wannan ma.

[Hoto: fada, ana zuba shayi na uku]

Na gaya wa ƙanen nan namu duk wannan, ya ce, "To Yaya, ai sai ka nuna mana." Mun yanke ranar Juma'a bayan sallar isha'i. Za mu rataya farin zane a bangon gidan maƙwabcinmu, ni zan riƙa fassara musu da baki, sharaɗina ɗaya ne, kowa ya sa wayarsa a aljihu har a gama.

Kuma in akwai wanda ke da kaset ɗin Sa'adu Bori na asali a ajiye cikin akwati, ina nema. Nawa zaren ya tsinke wuri uku, jan farce ya daina riƙe shi.